Mai Madubi da Marar Madubi: Tarihin Jayayyar Kyamarori Biyu

Gabatarwa

Wani abokina da muke aji ɗaya ya shekara biyu yana tara kuɗi don ya sayi kyamara. Ba sana'a yake nufin yi da ita ba. Burinsa kurum shi ne ya ɗauki hoton kakarsa da sauran tsofaffin gidansu tun suna da rai, da kasuwar garinsu, da hawan salla, ya adana wa na baya. Da kuɗi suka taru ya shiga kasuwa, sai ya tarar da kyamarori iri biyu: mai madubi a cikinta, ta hannu, mai sauƙin kuɗi, da kuma marar madubi, wadda ake yayi, mai tsada. Duk wanda ya tambaya sai ya yabi wadda ke rataye a wuyansa. Kuɗin nan kuwa in sun tafi sun tafi ke nan, ba shi da wasu.

Ni ba mai hoto ba ne, amma da ya kawo mini kukansa sai na ga ya kamata mu waiwaya, tun da an ce waiwaye adon tafiya. Ashe wannan jayayya ta kusa shekara 90 ana yin ta. A cikin wannan maƙala za mu bi ta tun daga tushe, mu ga abin da ya kawo madubi cikin kyamara, da abin da ya fitar da shi, sa'an nan mu duba darasin da mai ƙaramin ƙarfi zai ɗauka.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu raɗa wa sassan kyamara suna don kada mu rikice. Akwatin da ake riƙewa za mu kira shi jiki. Gilashin gaba mai tattara haske za mu kira shi ido. Wurin da ake ɗaura ido a jikin kyamara shi ne baki. Abin da ke buɗewa ya rufe a cikin ƙiftawar ido don haske ya shiga shi ne labule. Inda mai hoto ke leƙawa kuwa, ita ce taga.

Tushen Matsalar

Tun ƙarni na 11 malamin nan Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya zauna a Alƙahira, ya yi bayanin yadda haske kan bi ta ƙaramar kafa ya shiga ɗaki mai duhu, ya zana surar abin da ke waje a jikin bango, kai a ƙasa. Wannan ɗaki shi ne kakan kowace kyamara. Abin da ya rage shi ne yadda za a kama surar ta zauna, kuma wannan bai samu ba sai wajen 1826, a hannun wani Bafaranshe mai suna Niépce. A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar abokin aikinsa Daguerre, daga nan sana'ar hoto ta kafu.

To, amma akwai wata matsala da ta zo tare da sana'ar. Haske ɗaya ne ke shigowa ta idon kyamara, masu bukatarsa kuwa biyu ne: fim yana so don hoto ya zanu, mai hoto kuma yana so don ya ga abin da zai ɗauka. Masu hoton dā raba lokaci suka yi. Duk wanda ya ji labarin masu hoton bakin kasuwa, waɗanda ke kafa akwati bisa ƙafafu uku su lulluɓe kansu da baƙin ƙyalle, ya san wannan dabara. Mutum zai leƙa ya daidaita sura a kan gilashi, sa'an nan ya sa abin ɗaukar a gurbin gilashin, ya ɗauka ba tare da yana gani ba. Wannan ya yi daidai ga wanda ya zauna cik a kan kujera. Amma doki a guje ba zai jira ba. Duk tarihin da za mu kawo nan gaba, tarihin amsoshi biyu ne da aka ba wannan matsala ɗaya.

Amsa ta Farko: Taga Daban, Ido Daban

A garin Wetzlar na ƙasar Jamus akwai kamfanin Ernst Leitz, mai ƙera madubin likita na ganin ƙwayoyin cuta. Cikin ma'aikatansa akwai Oskar Barnack, mutum mai son yawo da ɗaukar hoto, amma yana fama da ciwon asma, ba ya iya jigilar manyan akwatuna. Wajen 1913 zuwa 1914 sai ya ƙera wa kansa wata 'yar kyamara mai amfani da fim ɗin silima mai faɗin milimita 35. Ya haɗa gurbi biyu na silima suka zama ɗaya, watau milimita 24 a tsaye, 36 a kwance. Tunaninsa shi ne a sami ƙaramin dodon hoto mai kyau, in ya so a faɗaɗa shi wajen wanki. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsai da aikin, sai a 1925 aka fito da ita kasuwa a bajekolin Leipzig, da sunan Leica.

Leica ba ta da madubi. An huda mata 'yar taga a sama, mai hoto ya leƙa ta nan, ido kuma yana nasa aikin a ƙasa. A 1932 aka ƙara mata ma'aunin nisa. Yadda yake aiki shi ne, mai leƙe zai ga surar abu ta rabu biyu, sai ya yi ta murza ido har surorin su hau juna, to, nan ne saiti ya yi daidai. A wannan shekarar kuma kamfanin Zeiss Ikon na Dresden ya fito da kishiyarta, Contax. Waɗannan kyamarori ba su da nauyi, ba su da ƙara, suna shiga aljihun kwat. Da Leica ne Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson ya yi suna wajen ɗaukar mutane a titi ba su sani ba, har yakan manne sassanta masu ƙyalli da baƙin tef don kada a lura da shi. Da Contax kuma Robert Capa ya sauka gaɓar Normandy tare da sojan Amurka a watan Yuni na 1944.

Sai dai tsarin yana da aibi biyu. Na farko, tun da taga daban ido daban, abin da mai hoto ya gani ba shi ne ainihin abin da fim ya gani ba. Daga nesa bambancin ba ya nunawa, amma in an matso kusa sai a wanke hoto a tarar an sare wa mutum hula. Na biyu, ma'aunin nisa ba ya iya aiki sosai da dogon ido mai jawo abu daga nesa. Da an wuce ido mai milimita 135, sai an nemi wata dabara.

Amsa ta Biyu: Madubi

A Dresden ɗin dai, a 1936, kamfanin Ihagee ya fito da Kine Exakta, wadda ta bi wata hanya. An jingina madubi a karkace tsakanin ido da labule. Haske in ya shigo sai madubi ya tura shi sama, mai hoto ya ga ainihin abin da ido ya gani. Da ya danna, sai madubi ya ɗaga, labule ya buɗe, haske ya faɗa kan fim. Ko wane irin ido aka ɗaura, gajere ko dogo, abin da aka gani shi za a samu.

Duk da haka mutane ba su rungume ta nan da nan ba, kuma suna da hujja. Daga sama ake leƙa ta, kyamara na rataye a ciki, sa'an nan dama kan koma hagu, hagu ta koma dama. Bayan an danna kuma madubi ba ya sauka sai an ja fim, watau mai hoto ya makance ke nan na ɗan lokaci. Ɗaya bayan ɗaya aka yi maganin waɗannan. A 1949 Contax S ta Jamus ta Gabas ta zo da wani dunƙulen gilashi mai kusurwa biyar a samanta, wanda ke miƙe sura ya kai ta taga daidai idon mutum. Wannan dunƙule shi ne ƙusumbin nan da muke gani a saman kyamarori. A 1954 kuma aka fito da madubi mai ɗagawa ya dawo da kansa nan take. Amma wannan ba daga Jamus ya fito ba, daga kamfanin Asahi na ƙasar Japan ya fito.

Yadda Almajiri Ya Wuce Malami

Japanawa da kwaikwayo suka fara. Wani mai suna Goro Yoshida ya kwance Leica ya duba cikinta, bai ga kome ba sai tagulla da ƙarfe da sanholo da roba. Shi da abokansa suka kafa ɗan ɗakin gwaji a Tokyo a 1933, suka ƙera samfurin da suka kira Kwanon, wanda daga baya ya zama Canon. Abin mamaki, Canon ta farko da aka sayar a 1936 idon kamfanin Nippon Kogaku ke jikinta, watau kamfanin da daga baya ya zama Nikon. Ashe manyan kishiyoyin nan biyu a kwano ɗaya suka fara cin abinci.

Yaƙin Duniya na Biyu ya karya Jamus. An yi wa Dresden ruwan bama-bamai a Fabrairu 1945, Rashawa suka kwashe injunan ƙera Contax zuwa Kiev, kamfanin Zeiss ya rabu biyu, rabi a Gabas rabi a Yamma. A 1950 wani mai ɗaukar hoto na mujallar Life, David Douglas Duncan, ya gwada idanun Nikkor a Tokyo, ya ga kaifinsu, ya ɗaura su a jikin Leicarsa ya tafi da su yaƙin Koriya. Hotunan da ya aiko su suka fara sa Amurkawa daina raina kayan Japan.

A 1954 Leitz ya fito da Leica M3, wadda ta kai tsarin ma'aunin nisa matuƙa. Japanawa suka duba suka ga bin Bajamushe a wannan hanya wahala ce, gara su mai da ƙarfi kan madubi. A 1959 Nikon F ta fito. Ba wai ta zo da abin da ba a taɓa gani ba ne, a'a, ta tattara dabarun da ke warwatse ne a jiki ɗaya mai ƙarfi, ta kuma zo da ayarin idanu tun daga milimita 21 har zuwa 1000, duk masu shiga baki ɗaya. 'Yan jarida suka koma mata. Ɗan Ingilan nan Don McCullin ma Nikon F ɗinsa ce ta tare masa harsashi a Kambodiya a 1970. Leitz bai fito da tasa mai madubi ba sai 1964, Zeiss Ikon kuwa ya daina ƙera kyamara a farkon shekarun 1970. Leica marar madubi ba ta mutu ba, amma ta zama kayan 'yan ƙalilan masu hali. A 1976 Canon AE-1 da Pentax K1000 suka kai madubi hannun ɗalibai da magidanta. Zagaye na farko ke nan, madubi ya yi nasara.

Shekarar 1987: Ranar da Aka Sāke Baki

A nan ne mai karatu zai ga dalilin da ya sa ake cewa tsari, ba a cewa kyamara kurum. Kowane kamfani da irin bakinsa. Idon Nikon ba ya shiga bakin Canon, na Canon ba ya shiga na Pentax. Saboda haka sayen kyamara kamar aure ne, ba yarinya kaɗai ake ɗauka ba, har da danginta. Mutum kan sāke jiki sau uku ko huɗu, amma idanun da ya tara su ne dukiyarsa, su ne kuma igiyar da ta ɗaure shi.

A 1985 kamfanin Minolta ya fito da Minolta 7000, wadda ke yin saiti da kanta. Manyan nan biyu suka ga lalle su bi, amma kowa ya bi ta hanyarsa. Nikon ya riƙe bakinsa na 1959, ya sa ɗan inji a cikin jiki mai murza ido ta wani ɗan sanda. Masu tsofaffin idanu suka ji daɗi. Canon kuwa a watan Maris na 1987 ya yi watsi da tsohon bakinsa mai suna FD, ya fito da sabo mai suna EF, wanda ya fi faɗi, wanda kuma jiki da ido ke magana da juna ta lantarki kawai, injin saiti yana cikin kowane ido.

Ga inda gizo ke saƙa. Kowane ido an ƙera shi ne don ya zauna a wata tazara ƙayyadajjiya daga fim. Tazarar FD milimita 42 ce, ta EF kuwa 44. Ido yana iya ƙara nisa da jiki in an sa masa zobe, amma ba ya iya nutsewa cikin jiki. Saboda milimita biyun nan, duk wanda ya kashe dukiyarsa wajen tara idanun FD ya wayi gari da marayu. Mutane suka yi fushi ƙwarai. Amma kafin shekaru kaɗan saurin saitin Canon ya sa masu ɗaukar hoton wasanni da yawa suka koma gidansa, har fararen dogayen idanunsa suka cika gefen filayen ƙwallo. Nikon ma daga baya ya koma sa inji a cikin ido. Wanda ya saɓa wa jama'arsa ya ci riba, wanda ya riƙe amana ya ɗan sha wuya. Tarihi ba kullum yake tafiya yadda zuciya ke so ba.

Zuwan Lantarki da Ficewar Madubi

A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar da ba ta bukatar fim. Nauyinta ya kai kilo uku da rabi, takan ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya, baƙi da fari, a kan kaset. Kodak da fim yake cin abinci, bai yi hanzarin rungumar abin da zai kashe masa kasuwa ba, kuma a Janairu 2012 ya kai kansa kotu cewa ya karye. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Da farko lantarki bai taɓa madubi ba. An cire fim ne kawai aka sa wani ɗan faifai mai karɓar haske a gurbinsa. Haka Nikon D1 ta 1999 take, haka kuma Canon EOS 300D ta 2003, wadda aka sayar ƙasa da dala 1000. Amma sai masu ƙira suka yi wa kansu tambaya. An kawo madubi ne don fim ba ya iya nuna wa mutum abin da yake gani. Faifan nan kuwa yana iya aika sura kai tsaye zuwa wani ɗan allo a cikin taga, kamar ƙaramin talabijin. To, me madubi ke yi kuma?

A 2008 Panasonic ya fito da Lumix G1, mai sāke ido amma ba madubi. Sony, wanda ya gaji sashen kyamara na Konica Minolta a 2006, ya fito da A7 a 2013, mai faifai daidai girman nan na Barnack, 24 da 36. Canon da Nikon suka yi ta jan ƙafa, kamar yadda Jamusawa suka yi a zamaninsu, sai a 2018 kowannensu ya fito da sabon baki: Nikon ya kira nasa Z, Canon ya kira nasa RF. A 2020 ƙididdigar ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan ta nuna marar madubi ta wuce mai madubi yawan fita kasuwa. A ƙarshen 2021 shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya bayyana cewa babbar kyamararsu mai madubi ta 2020 ita ce ta ƙarshe a wannan matsayi.

Wannan karon ba a yi marayu kamar na 1987 ba, kuma dalilin lissafi ne. Da aka cire madubi sai tazara ta ragu: ta Nikon daga milimita 46.5 zuwa 16, ta Canon daga 44 zuwa 20. Saboda haka da zobe kawai tsohon ido zai hau sabon jiki. Har idanun FD ɗin nan da aka yasar sun sake samun uwa, ko da yake da hannu ake saita su. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kada kuma mu manta da wayar hannu, wadda ta ci kasuwar duka. A 2010 kamfanonin ƙungiyar nan sun fitar da kyamarori wajen miliyan 121, a 2020 kuwa ba su kai miliyan 9 ba. Samsung ya bar sana'ar, Olympus ya sayar da sashensa na kyamara. Wanda ya shiga gidan Samsung ya ga yadda gida kan rushe da mutum a ciki.

Darasi ga Mai Zaɓe

Me abokina zai ɗauka daga wannan dogon labari? Na farko, baki ake zaɓa, ba jiki ba. Ya tambayi kansa: idanun wannan baki suna samuwa a kasuwar da ƙafata ke iya zuwa? Akwai mai gyara? In ina da aboki mai irinta, za mu iya aron ido tsakaninmu?

Na biyu, wanda ya yi nasara a kasuwa ba lalle ne shi ya dace da kowa ba. Marar madubi ta fi sauƙin ɗauka, tana iya ɗauka shiru, tana nuna hasken hoto kafin a danna, kuma can ne kamfanoni suka mai da ƙarfinsu. Amma allonta na shan batir. Nikon D3500 mai madubi, ta 2018, an ƙiyasta mata hoto 1,550 a caji ɗaya, alhali Sony A7 ta farko wajen 300 take yi. Ga mai zuwa ƙauyen da wuta ba ta tsayawa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Bugu da ƙari, a yawancin marasa madubi, da an cire ido faifai a fili yake, mu kuwa mun san ƙurar hunturu.

Na uku, duk lokacin da masu hali suka yi ƙaura zuwa sabon tsari, sukan zubar da tsohon a kasuwa da araha, alhali bai daina aiki ba. Amma a yi hattara. Alal misali, ƙananan jikunan Nikon irin su D3500 ba su da injin murza ido a ciki, don haka tsohon ido mai ɗan sanda zai hau, amma ba zai yi saiti da kansa ba. A gwada kafin a biya.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa madubi dabara ce da aka kawo don warware wata matsala, ya yi mulki tun daga 1959, da aka sami wata hanyar warware matsalar kuma sai ya fara ja da baya. Ba mamaki wata rana a sami abin da zai ture wadda ake yayi yanzu, domin zamani riga ne.

Shawarar da na ba abokina ita ce ya sayi mai madubi ta hannu, ya sa ragowar kuɗin a ido mai kyau guda ɗaya, tun da idon zai bi shi ko da ya sāke jiki nan gaba. Wani mai karatu na iya ganin akasin haka, kuma shafukan wannan mujalla a buɗe suke gare shi. Abin da dai na ƙara masa shi ne kada ya daɗe yana shawara, domin kamfanoni za su ci gaba da fito da sababbi kowace shekara, amma kakarsa ba za ta jira ba. Ya tafi gida hutun da ya wuce, ya dawo da hotonta tana kaɗi a ƙofar ɗaki. Duk wanda ya nuna wa hoton, ba wanda ya tambaye shi ko akwai madubi a cikin kyamarar. Allah ya sa mu dace, amin.